Yadda ake kafa ƙungiyar al'adu ko ta asali a jami'a, ta kuma rayu bayan ka gama karatu

Duk jami'ar da ka shiga a makon karɓar sababbin ɗalibai, za ka tarar da tebura a jere, kowane da kyallensa. Wannan na ɗaliban ƙasa kaza ne, wancan na masu magana da harshe kaza, can gefe na mata masu karatun injiniya, ko na masu buƙata ta musamman, ko na mabiya wani addini. Ka dawo bayan shekara uku ka sake dubawa, za ka nemi wasu ka rasa. Ba wai 'ya'yansu sun daina son harshensu ko asalinsu ba ne. Wanda ya kafa ƙungiyar ne ya karɓi takardarsa ya tafi, sunayen mambobi da lissafin kuɗi da kalmar sirrin imel duk suna cikin wayarsa.

Na sa hannu a kafa irin waɗannan ƙungiyoyi sau da yawa, tun ina ɗalibi har na koma cikin masu ba su shawara. Wasu sun ɗore, wasu a gabana suka mutu. Abin da zan zayyana a nan shi ne yadda nake yi yanzu, bayan na sha tuntuɓe.

Iri biyu ne, kuma gara ka san wacce kake nufi tun yanzu. Akwai ƙungiyar asali, wadda ke tara mutanen da abu ɗaya ya haɗa su: ƙasa, harshe, addini, launin fata, jinsi ko wata larura. Akwai kuma ƙungiyar haɗakar al'adu, wadda aikinta shi ne ta zaunar da mabambanta a tabarma ɗaya. Matakan kafa su ɗaya ne, sai a wurin da zan nuna.

Kayan da za ka tanada

- Littafin dokokin ɗalibai na jami'arku, na shekarar da ake ciki. Kada ka dogara da wanda wani ya ba ka tun na shekara biyar baya, dokoki suna canzawa.
- Fom ɗin rajistar ƙungiya. Yawanci a ofishin kula da harkokin ɗalibai ake samun sa, wani wurin kuma a hannun babbar ƙungiyar ɗalibai ta jami'a.
- Mutum biyar masu aiki da gaske. Biyu daga cikinsu lallai su zama 'yan aji ɗaya ko aji biyu. Za ka ga dalili a mataki na ƙarshe.
- Malami ko ma'aikacin jami'a da zai zama uban ƙungiya.
- Littafi biyu masu kaurin bango, ɗaya na rubuta abin da aka tattauna a taro, ɗaya na kuɗi. Sai littafin rasit mai barin kwafi.
- Adireshin imel da sunan ƙungiya, da ma'ajiyar takardu a intanet irin su Google Drive, wadda aka buɗe da wannan imel ɗin, ba da na wani mutum ba.
- Kalandar karatu ta jami'a, ka ja layi a ƙarƙashin makonnin jarrabawa da na hutu.

Ba ka ga hatimi ko tambari ko riga mai sunan ƙungiya a ciki ba. Da gangan na bar su. Na ga kwamitin da ya cinye wata biyu yana musu a kan launin tambari, bai kira taro ko ɗaya ba.

Mataki na 1: Nemo ainihin buƙatar

Kafin ka rubuta komai, zauna da mutum goma daga cikin waɗanda kake son tarawa, ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba. Tambaya ɗaya za ka yi musu: me ya fi ba ka wuya a zangonka na farko a nan? Ka yi shiru ka saurara. Wani zai ce neman masauki, wani ya ce rashin wanda zai yi hira da shi da harshensa, wata ta ce ba ta san ofishin da ake kai ƙara ba lokacin da aka ci mata fuska. Amsar da ta fi maimaituwa ita ce aikin ƙungiyarku.

Ka taƙaita shi a jimla ɗaya da za ka iya faɗa a tsaye a bakin aji. "Muna tarbar sababbin ɗalibai masu magana da harshenmu, mu taimake su su zauna da gindinsu, mu kuma koya wa duk mai so." Wannan ya isa. Idan jimlarka ta ƙare a "haɗa kai da kawo cigaba", to ba ka gama tunani ba tukuna, don babu ƙungiyar da ba za ta faɗi haka ba.

Tsofaffin ƙungiyoyin da suka yi suna ma daga buƙata ta zahiri suka taso. Ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma da Ladipo Solanke da Herbert Bankole-Bright suka kafa a Landan a 1925, wadda aka fi sani da WASU, ana tunawa da ita saboda gwagwarmayar neman 'yancin kai, har Kwame Nkrumah ya riƙe mata mataimakin shugaba. Amma abin da ya daɗe yana ci wa 'ya'yanta tuwo a ƙwarya shi ne masu gidajen haya da ke ƙin karɓar baƙar fata, shi ya sa ta yi ta fafutuka har ta buɗe masaukinta a 1933.

Ka kuma bincika ko akwai makamanciyar taku da take barci. Farfaɗo da tsohuwa mai rajista ya fi kafa sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba, wani lokaci ma har da ragowar kuɗi a asusunta.

Mataki na 2: Yanke shawara a kan ƙofa

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne ke dawowa ya rusa gida. Wa ke da ikon zama mamba?

Fara da doka. Jami'o'i da yawa ba sa yi wa ƙungiya rajista sai ta yarda ƙofarta a buɗe take ga kowane ɗalibi. A Amurka har Kotun Ƙoli maganar ta kai: a 2010, alƙalai biyar cikin tara suka yanke cewa makarantar koyon aikin lauya ta Hastings, wadda ta gwamnati ce, tana da ikon gindaya wa duk ƙungiyar da ke son rajista sharaɗin karɓar kowa. Wasu ƙasashen da wasu jami'o'in tsarinsu daban ne, har akwai inda aka hana ƙungiyoyin ƙabila ko na addini baki ɗaya. Saboda haka ka karanta littafin dokokinku, kada ka yi zato.

Ko da doka ta ba ku damar rufe ƙofa, ni shawarata ku bar ta a buɗe. Ƙungiyar asali gida ce, kuma gidan da ba ya karɓar baƙo, maƙwabta kan fara tambayar me ake dafawa a ciki. Masu tsoron kada baƙi su mamaye su ƙwace shugabanci, akwai magani mai sauƙi: kowa na iya shiga, amma ba mai jefa ƙuri'a ko tsayawa takara sai wanda ya halarci adadin taro kaza a zango, ya kuma biya kuɗin mamba. Mai neman ɓarna ba shi da haƙurin zuwa taro shida.

Sai kuma matsalar cikin gida, wadda ta fi ta waje ciwo. Za a zo muku da yaron da iyayensa 'yan asalinku ne amma an haife shi a wata ƙasa, harshen ya kuɓuce masa. Za a zo da wadda uwa taku ce, uba na wasu. Za a zo da wanda ya fito daga ƙaramar ƙabila a ƙasar da ƙungiyarku ke ɗauke da sunanta. Kada ku kuskura ku kafa awon wane ne ɗan asali na gaske. Na taɓa zama a taron da aka yi wa wata yarinya dariya saboda yadda ta furta gaisuwa. Ta murmusa, aka ci gaba da taro, ba mu sake ganin ta ba. Daga baya na ji ashe don ta koyi harshen kakarta ta zo. Irinta su ne suka fi kowa buƙatar ƙungiyar, kuma mu muka kore ta.

Idan ta haɗakar al'adu kuke kafawa, haɗarinku daban ne. Rukunin da ya fi yawa zai mamaye ba tare da ya sani ba: a fara taro da harshen da kowa ke ji, kafin minti ashirin an zarce da harshen masu rinjaye, sauran suna kallon waya. Ku rubuta harshen taro a takarda, ku kuma hana rukuni ɗaya riƙe fiye da rabin kujerun shugabanci.

Mataki na 3: Rubuta kundin tsarin mulki

Shafi uku zuwa biyar sun wadatar. Idan jami'a na da samfurinta, ku bi shi, don shi jami'in rajista zai ɗora a gefe yana gwadawa. Idan babu, ku aro na wata ƙungiya mai rajista ku ga tsarinsa, amma kada ku kwafe shi ido rufe. An taɓa kawo min kundin da har sunan ƙungiyar da aka kwafa yana nan a shafi na huɗu.

Ya ƙunshi suna da manufa, sharuɗɗan zama mamba, muƙamai da aikin kowane, yadda ake zaɓe da watan da ake yin sa, yadda ake kashe kuɗi, adadin mutanen da sai sun halarta kafin shawara ta zama doka, yadda ake tsige shugaba, yadda ake gyara kundin, da inda dukiya za ta koma idan ƙungiya ta rushe. Sassan tsigewa da rushewa su ne ake jin nauyin rubutawa, wai kamar mugun fata ne. Ku rubuta su yanzu da kowa ke dariya da kowa, don ranar da za a buƙace su ba mai sauraron wani.

Muƙamai huɗu sun ishi sabuwar ƙungiya: shugaba, sakatare, ma'aji da jami'in walwala. Kada ku ƙirƙiri muƙami don kawai a faranta wa wani. Shugabanni goma sha biyar a kan mambobi ashirin, wannan ba ƙungiya ba ce, fada ce.

Adadin masu halarta kuma kada ku tsawwala. Idan kuka ce sai kashi biyu cikin uku na mambobi sun zo, to ku sani a tsakiyar zango ba za ku iya yanke ko shawarar sayen alli ba.

Mataki na 4: Uban ƙungiya da rajista

Kuskuren da aka fi yi shi ne neman farfesa mafi girman suna. Zai karɓa da fara'a, sannan ranar da kuke buƙatar sa hannunsa a takardar neman ɗakin taro a ce muku ya yi tafiya. Ku nemi wanda ake samu a ofis, mai amsa saƙo, ko da ƙaramin malami ne. Ba dole sai ɗan asalinku ba. Ku je masa da kundin a hannu, ku faɗa masa ƙarara abin da kuke so: sa hannu a takardu, halartar taro ɗaya a zango, da shiga tsakani idan an sami saɓani.

Ku miƙa fom da kundi da jerin sunayen mambobi da lambobin rajistarsu, yadda ofis ya nema. Ku riƙe kwafin komai, ku sa a buga muku shaidar karɓa mai kwanan wata. Takarda takan yi ɓatan dabo a ofis, ba tare da kowa ya yi nufin sharri ba.

Idan kun tarar an rufe rajistar bana, ko yawanku bai kai abin da ake nema ba, kada ku zauna jira. Ku nemi wata ƙungiya mai rajista, kamar ta ɗalibai baƙi, ta ɗauke ku a matsayin kwamiti a ƙarƙashinta na zango ɗaya ko biyu. Abin da ba za ku yi ba shi ne tara kuɗi ko manna fosta da sunan jami'a alhali ba ku da rajista. Wannan kan kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa.

Mataki na 5: Taron farko

Ku yi shi cikin mako uku na farkon zango, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. A lokacin ne sabon ɗalibi ke neman inda zai sa kansa. Bayan nan ya riga ya sami abokai, ko kaɗaici ya riga ya saba da shi.

Ku ɗauki ɗakin da ya ɗan yi muku kaɗan. Mutum ashirin a ƙaramin aji taro ne, mutum ashirin a babban zauren lacca zaman makoki ne. Ku duba ko mai keken guragu zai iya shiga. Ku zaɓi lokacin da bai ci karo da lacca ko lokutan ibadar waɗanda kuke gayyata ba.

Fosta da saƙon WhatsApp suna da amfaninsu, amma zumunci a ƙafa yake. Kowane ɗaya cikin ku biyar ya je da kansa ya gayyato mutum huɗu, ya kuma biya musu ranar taron su taho tare.

Awa ɗaya, kada ta wuce. Jawabin shugaba minti biyar. Sauran lokacin a raba mutane uku-uku ko huɗu-huɗu, a raba abokai da gangan, kowa ya faɗi sunansa da ma'anarsa da wanda ya raɗa masa. Ban taɓa ganin tambayar da ke buɗe bakin baƙo kamar wannan ba. A tsayar da mutum ɗaya a bakin ƙofa, aikinsa kawai ya tari wanda ya shigo shi kaɗai. Kafin a tashi a faɗi rana da wurin taro na gaba, kuma kowa ya tafi da ɗan aiki komai ƙanƙantarsa.

Wajen karɓar sunaye, ku tambayi abin da kuke buƙata kawai, ku kuma nemi izini kafin ku sa lambar mutum a zauren WhatsApp ko ku ɗora hotonsa a Instagram. Ga wasu ɗaliban, a san suna cikin wata ƙungiyar asali na iya jawo musu matsala a gida ko a ƙasarsu. Jerin sunayen nan amana ce a hannun sakatare.

Mataki na 6: Kuɗi

Ƙa'ida uku ce, ba na sassauta ko ɗaya. Kuɗin ƙungiya ba ya kwana a asusun wani mutum. Ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Ma'aji yana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane babban taro, ko da sifiri ne.

Wasu jami'o'in su ke riƙe wa ƙungiyoyi kuɗinsu, ku rubuta takarda a biya. Tsarin yana da jinkiri, sai ku riƙa nema da wuri, amma yana raba ku da zargi. Inda babu wannan kuma banki ya ƙi buɗe muku asusu, ku rage mu'amala da tsabar kuɗi iyakar iyawa: a tara don aiki ɗaya, a kashe, a kawo rasit cikin mako guda.

Kuɗin mamba ya zama kaɗan, a kuma bar wa jami'in walwala ikon yafe wa wanda ba shi da hali, a asirce. Game da masu ba da gudummawa daga waje, ko ofishin jakadanci ne, ko ɗan siyasa, ko attajiri cikin tsofaffin ɗalibai, ku tuna kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku tambayi me ake so a madadi, ku rubuta, ku nuna wa uban ƙungiya kafin ku karɓa.

Mataki na 7: Tsara zango, ƙanana kafin babba

Kowace sabuwar ƙungiya mafarkinta daren al'adu ne, da kiɗa da ado da manyan baƙi. Yana da kyau, zan zo kansa. Amma ba shi ke riƙe ƙungiya ba. Abin da ke riƙe ta shi ne zaman da ake yi duk mako biyu, rana ɗaya, wuri ɗaya, ko mutum shida ne suka zo. Zaman hira da harshen gida. Bitar karatu kafin jarrabawa. Haɗa kowane sabon ɗalibi da wani na gaba da shi a sashensu, wanda zai nuna masa yadda ake rajistar darussa da inda asibitin jami'a yake. Zuwa duba mamba da ke kwance. Wanda aka je duba shi a gadon asibiti ba ya barin ƙungiya.

Babban taro ɗaya a zango ya isa, kuma kada ya faɗo cikin mako uku kafin jarrabawa. Idan kuna neman ranar da za ku rataya shi, akwai ranakun da duniya ta sani, kuma hukumar jami'a ta fi saurin ba da ɗaki da tallafi idan ta ji su. 21 ga Fabrairu ita ce ranar harshen uwa ta duniya, wadda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ayyana a 1999, don tunawa da ɗaliban da aka harbe a Dhaka, babban birnin Bangladesh ta yau, a 1952 suna neman a amince da harshen Bengali. 21 ga Mayu ranar bambancin al'adu ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya. 17 ga Nuwamba kuma ranar ɗalibai ta duniya, tushenta farmakin da 'yan Nazi suka kai wa ɗaliban jami'a a birnin Prague a 1939.

Mataki na 8: Aiki tare da wasu ƙungiyoyi

A nan ne ɗan ilimi kaɗan zai yi maka amfani. Mutane suna ɗauka da zarar an tara mabambanta a zaure ɗaya ƙiyayya za ta narke. Ba haka ba ne, kowa zai nemi 'yan uwansa ya zauna a kusurwa. Masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya bayyana tun 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙyamar juna ne idan an cika wasu sharuɗɗa: ɓangarorin su haɗu a matsayi ɗaya, su sa buri ɗaya a gaba, su yi aikin tare ba gasa ba, kuma hukuma ta mara musu baya.

A aikace, ma'anarsa kada ku gama shirya taronku sannan ku aika wa wata ƙungiya katin gayyata. Ku zauna tun ranar farko, kwamiti ɗaya, wakilai daidai, kasafi ɗaya. Ainihin sanin juna ba a kan dandamali yake faruwa ba, a wajen jera kujeru da jan wayar lasifika da sharar zaure da tsakar dare yake faruwa. Shi ya sa nake cakuɗa ƙananan kwamitoci, ba na barin kowace ƙungiya ta ɗauki ɓangare guda ta tafi da shi.

Ranar taron, kowane rukuni a ba shi minti daidai da na kowa, a jefa ƙuri'a wajen jerin fitowa, a sami mai riƙe agogo wanda ba ya jin kunya. Kowa shi zai gabatar da al'adarsa da bakinsa. Wasan kwaikwayon da ake kwaikwayon karin harshen wasu ko shigarsu don a yi dariya, ku soke shi tun a wajen gwaji, ko da masu yin sa sun rantse wasa ne. Abin da wasu ke ɗauka da tsarki, na ibada ko na sarauta, ba kayan ado ba ne, a tambayi masu shi. Idan za a ci abinci, a rubuta abin da ke cikin kowane kwano, saboda masu larurar da wani abinci ke tayar musu da masu hani na addini, a kuma bincika dokar jami'a kan shigo da dafaffen abinci. Idan kuɗi bai kai na zaure da kayan sauti ba, ku yi baje koli da rana a fili, kowane rukuni da teburinsa. Sau da yawa ma ya fi jawo masu wucewa.

Haɗin kan nan yana da amfanin da ya wuce biki. A kwalejin San Francisco State da ke Amurka, inda aka kafa ƙungiyar ɗalibai baƙar fata a 1966, sai da ta haɗa kai da ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Asiya da Latin Amurka da sauransu aka yi yajin karatu na kusan wata biyar, daga Nuwamban 1968 zuwa Maris na 1969, wanda ya kai ga buɗe tsangayar nazarin al'ummomi. Ba ina cewa ku tafi yaji ba. Ina cewa ranar da za ku shiga ofishin hukuma da koke, ko na wurin ibada ne ko na jarrabawar da aka sa ranar idinku, takarda mai sa hannun ƙungiyoyi shida ba a ajiye ta a ƙasan tire.

Mataki na 9: Idan rigimar gida ta biyo ku

Za ta biyo ku. Zaɓe a ƙasarku, rikici tsakanin al'ummomi biyu da duk kuna da 'ya'yansu, wani bidiyo da aka turo zaure da ƙarfe ɗayan dare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon ƙungiyoyin yanzu a WhatsApp yake tsagewa.

Ku buɗe zaure biyu, ɗaya na sanarwa wanda shugabanni kaɗai ke rubutu, ɗaya na hira mai dokoki a rubuce. Idan wuta ta tashi, a rufe na hirar na kwana ɗaya, a kira mutanen biyu a zauna ido da ido. Kada shugaba ya fitar da sanarwa da sunan ƙungiya a kan wata rigima sai an bi hanyar da kundi ya tsara. Idan kuma abin ya kai ga barazana, cin zarafi ko tsangwama, ya fi ƙarfinku. Kada ku ce za ku rufa wa ɗan uwa asiri a sasanta a cikin gida. Ku raka wanda aka cuta zuwa ofishin da jami'a ta tanada.

Mataki na 10: Zaɓe da miƙa ragama

Ka fara neman magajinka tun ranar da aka zaɓe ka. 'Yan aji ɗaya da biyun nan da na ce ka shigo da su, ka riƙa tafiya da su ofis, su ga yadda ake neman ɗaki, su san fuskar uban ƙungiya, su jagoranci taro kana zaune a baya. Za su yi kuskure, ka danne zuciyarka.

A yi zaɓe a tsakiyar zango na biyu, ba a makon ƙarshe ba, don tsofaffi da sababbi su yi aƙalla wata ɗaya suna aiki tare. Masu shirya zaɓen su zama waɗanda ba sa takara, ƙuri'a a asirce, a ƙirga a gaban kowa. Idan babu wanda ya fito takarar wani muƙami, a naɗa riƙo na zango ɗaya, kada ɗan ajin ƙarshe ya ce zai ci gaba da riƙewa daga gida.

Ranar miƙawa a zauna da uban ƙungiya, a bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya ana sa hannu: littafin taro, littafin kuɗi da rasitai, kundin tsarin mulki, takardar rajista da ranar da ake sabunta ta, jerin mambobi, kalmomin sirri na imel da shafukan sada zumunta. A canza lambar wayar da ake dawo da imel da ita zuwa ta sabon sakatare nan take, a wurin, kowa na gani. Kowane mai barin gado ya rubuta shafi ɗaya: abin da ya yi aiki, abin da ya ƙi, wa ake gani a wane ofis, da wata nawa kafin taro ake neman babban zaure.

Sauya masu sa hannu a asusu shi ne abin da ake cewa sai an dawo hutu. Kada ku yarda. Mun taɓa shafe zango guda kuɗinmu na kwance ba mu iya taɓa ko kwabo ba, saboda tsohon ma'aji ya koma ƙasarsu kuma aka ce sai ya zo da kansa. Ku je tare, tsofaffi da sababbi, da katin shaidar kowa da kwafin rahoton taron zaɓe mai sa hannun uban ƙungiya, tun kafin a fara jarrabawar ƙarshe.